Wa zai tafi gida da hoton?

Wani dare a fada, muna jiran shayi na biyu, wani abokinmu ya miƙo mani salularsa ya ce, "Kai da kake cika baki ka san hoto, faɗa mana shekarar da aka ɗauki wannan." Na duba. Yarinya ce Baturiya da kitso, fuskar ta yi duhu kamar ta wadda ta yini gona, idanun sun yi haske, gefen hoton duk tabo da zirin ruwa kamar an tono shi daga ƙasan adakar kaka. Na ce shekara ɗari da hamsin, ba ƙasa da haka ba, kuma mai wannan fuska ƙasa ta daɗe da rufe idonta. Suka kwashe da dariya. Greta Thunberg ce, yarinyar nan ta Suwidin mai fafutukar sauyin yanayi. An ɗauki hoton a watan Oktoba na 2019 a Standing Rock, cikin Amurka, tana da shekara 16. Tsararmu ce, kuma tana nan da ranta.

Na sha kunya, amma daga baya na ga ba laifin idona ba ne kaɗai. Wanda ya ɗauki hoton, Shane Balkowitsch, da gangan ya yi aiki da dabarar da aka ƙago a 1851. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Yau akwai masu hoto da yawa a Amurka da Turai da suka ajiye kamarar zamani suka koma ga gilashi da ruwan azurfa, suna ɗaukar fuskokin mutanen yau da kayan aikin mutanen da. Tun daga daren nan nake bin ayyukansu a intanet duk lokacin da na samu ƴan megas. Wasu sun burge ni, wasu sun ba ni haushi, kuma ina so in faɗi dalili.

Yadda ake yin shi

Sai an san wahalar aikin kafin a yanke mashi hukunci. Wani Bature ɗan Ingila, Frederick Scott Archer, shi ya bayyana dabarar a 1851. Ana zuba wani ruwa mai yauƙi da ake kira kolodiyon a kan farantin gilashi, ko kan fallen ƙarfe da aka shafa wa baƙi, a karkata shi hagu da dama har ruwan ya rufe ko'ina. Sai a tsoma farantin cikin ruwan azurfa kamar minti uku, a cikin duhu. Daga nan ya zama mai jin haske. A sa shi cikin kamara yana jiƙe, a buɗe ido, mutum ya daskare na ƴan daƙiƙu, wani lokaci har goma. A ruga ɗakin duhu, a zuba mashi ruwan da ke fito da hoto, a wanke, a kafe shi da wani ruwan. In ya bushe a shafe shi da ƙaron sandarak, wanda ake samu daga wani icce na arewacin Afirka, haɗe da man lavanda.

Duk wannan, daga zubawa zuwa wankewa, dole a gama shi cikin minti goma zuwa goma sha biyar. In farantin ya bushe kafin nan, aiki ya ɓaci. Shi ya sa mai hoton ke yawo da ɗakin duhunsa, ko tanti ko bayan mota. Abu biyu za a riƙe. Na farko, irin hoton da waɗannan mutane suka fi yi, na ƙarfe ko na baƙin gilashi, guda ɗaya tak yake fitowa, ba nagatif ɗin da za a wanko goma daga jikinsa. Na biyu, farantin da ka riƙe a hannu shi ne ainihin wanda ya zauna cikin kamara yana fuskantar mutumin. Hasken da ya tashi daga goshinsa shi ya taɓa azurfar nan.

Wannan shi ne abin da masu yin sa ke tinƙaho da shi, kuma ban ga laifinsu ba. Mu da ke ɗaukar hoto talatin a biki ɗaya mu goge ashirin da tara, in salula ta faɗa ruwa kuma na talatin ɗin ya bi su, ya kamata mu gane darajar abin da ake zama a yi sau ɗaya. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji su. To amma tsohuwar zumar nan akwai abin da ke cikinta da ba kowa ke faɗa ba.

Ido ne mai son kai

Kolodiyon ba ya ganin duniya yadda muke ganinta. Hasken shuɗi yake ji sosai, da wani hasken rana da idonmu ba ya gani. Ja da rawaya kuwa kusan makaho ne a kansu. Saboda haka shuɗi na fitowa fari-fari, ja da rawaya su koma baƙi. Fatar mutum, da yake akwai ja da rawaya cikinta, tana ƙara duhu, kowane tabo da ƙyasbi da tamoji ya fito ɓaro-ɓaro. Abin da ya maida Greta ƴar gona ke nan.

Wani mai hoto a Niyu Zilan, Michael Bradley, ya nuna wannan makanta a aikinsa mai suna Puaki. Mutanen Maori na da zanen fuska da suke kira tā moko, jarfa ce mai launin shuɗi-kore, wadda ke faɗin asalin mutum da matsayinsa. Bradley ya ɗauki kowane mutum sau biyu, da kamarar zamani da kuma kolodiyon, ya jera su gefe da gefe. A hoton zamani zanen na nan raɗau. A na kolodiyon kusan ya ɓace, fuska ta koma fili. A ganina wannan na cikin ayyuka mafi ƙarfi da aka yi da tsohuwar dabarar, don ya kama ta tana ƙarya a gaban shaidu. In ka gan su, ba za ka sake kallon tsohon hoton ƙarni na 19 ka ce "haka suke" da sauƙi ba.

Ku auna abin a kanmu. Amarya ta sha lalle ja, sai ya fito baƙi ƙirin. Rigar shuɗi ta koɗe. Samarin Wodaabe a Gerewol, da ke kwashe sa'o'i suna shafa ja da rawaya a fuska don su haska, duk kwalliyar nan duhu za ta koma. Mutum ya yi ado don a gan shi ta wata fuska, na'ura ta nuna shi ta wata. Kenan duk wanda ya ce maku tsohuwar dabara ta fi faɗin gaskiya, ku tambaye shi gaskiyar wa. Kamarar salula na goge ƙuraje ta ƙara wa mutum fari, kolodiyon na tono tabo ya ƙara duhu. Kowanne da ƙaryarsa, sai dai ta kolodiyon ta fi kama da hikima.

Mutum biyu, dabara ɗaya

Inda maganar ta fi zafi shi ne hotunan ƴan asalin Amurka, waɗanda Turawa suka tarar a ƙasar. Don a gane, sai an koma ga Edward Curtis. Daga 1907 zuwa 1930 ya fitar da littattafai 20 na hotunansu, da kuɗin attajirin nan J. P. Morgan. Hotuna ne masu kyau, ba gardama. Amma tunanin da ke ƙarƙashinsu shi ne waɗannan mutane na gab da ƙarewa, a yi maza a adana kamanninsu. Wani sanannen hotonsa na ƴan Navajo bisa dawaki suna shiga duhu, sunan da ya ba shi ma'anarsa al'umma mai gushewa. A wani hoton na mutum biyu cikin tanti, akwai agogo ajiye tsakaninsu, sai aka goge shi kafin a buga, don agogo na nuna mutanen na rayuwa a zamani ɗaya da mai kallo.

Yanzu ga Balkowitsch, mutumin Bismarck a Dakota ta Arewa. Ya fara kolodiyon a 2012 ba tare da ya taɓa karatun hoto ba. A 2014 ya ɗauki Ernie LaPointe, tattaɓa-kunnen shugaban nan Sitting Bull, daga nan ya ɗaura niyyar ɗaukar ƴan asalin ƙasar har mutum 1000. Farantan na tafiya ma'ajiyar tarihi ta jihar. In za a yi adalci, ba wanda ya tilasta wa kowa. Da ƙafarsu suke zuwa, da kayan da suka zaɓa, ana rubuta sunan kowa, kuma da yawansu na alfahari da abin. Ba ni da bakin da zan ce masu kada su yi.

Amma ni mai kallo ne daga nesa, kuma abin da idona ke gani shi zan faɗa. In ka jera hotunansa da yawa, gashin tsuntsu a ka, fuska a murtuke, duhu a baya, sai ka rasa inda Curtis ya tsaya da inda shi ya fara. Mutumin da ya zo da mota, salula cikin aljihu, yana da shari'ar fili ko ta ruwan sha a gabansa, farantin ya ɗauke shi ya maida shi 1880. Curtis sai da aka goge mashi agogo da hannu. A nan dabarar ce da kanta ke gogewa, ba sai an taɓa komi ba. Abin da ya faru da ni a fada shi ke faruwa da duk mai wucewa da yatsa a Instagram: ya ga rayayye, ya yi mashi kallon mamaci.

Sai Will Wilson, wanda shi kansa ɗan Navajo ne, ko Diné kamar yadda suke kiran kansu. A 2012, a Santa Fe, ya fara wani aiki da ya kira musaya. Shi ma kolodiyon ne, dabarar da ta girmi wadda Curtis ya yi aiki da ita. Yakan kafa kamara a bainar jama'a, ya ce mutum ya zo yadda yake so a gan shi, da abin da ke da muhimmanci gare shi. In an gama, farantin ƙarfen, wanda shi ne guda ɗaya a duniya, sai ya miƙa wa mai fuskar ya tafi da shi gida. Shi kuma ya riƙe kwafin sikan, da izinin mai shi. Wasu hotunan ma ya haɗa su da manhajar salula: in ka haska hoton, sai mutumin ya motsa, ya yi magana ko waƙa ko rawa.

Ban ce kowane hoton Wilson ya fi na Balkowitsch kyau a ido ba. Wasu nasa garaje ne, an yi su cikin taro, haske bai zauna ba. Maganar manhaja kuma, ranar da kamfanin salula ya canza tsari ta mutu, farantin ya koma shiru. Amma ya gane abin da ɗayan bai ba muhimmanci ba: tunda hoton guda ne, tambayar wa zai riƙe shi ta zama rabin ma'anarsa. Shekara da shekaru ana ɗaukar fuskokin mutanensa ana kaiwa manyan gidajen tarihi, jikoki su biya kuɗin shiga su ga kakansu. Shi ya juya hanyar. Kuma da yake mutane na zuwa da kayan yau, tsufan dabarar da sabuntar mai zama na karo da juna cikin hoton, har mai kallo ya tsaya ya ce, af, ashe yau ne.

Fuskar baƙar fata

Akwai abin da ya fi kusa da mu. A 1850, wani malamin jami'ar Harvard, Louis Agassiz, ya sa aka ɗauki bayi baƙar fata a Karolina ta Kudu, an tuɓe masu riga, gaba da gefe, don ya kafa hujjar cewa baƙi da fari ba asalinsu ɗaya ba. Cikinsu akwai wani dattijo Renty da ɗiyarsa Delia. Da wata dabarar aka yi su, ta Daguerre, wadda ta fito a 1839. An manta da hotunan har 1976 da aka tsinto su a ɗakin ajiya. A 2019 wata mata da ta ce ita jinin Renty ce ta kai jami'ar kotu, sai a 2025 jami'ar ta yarda ta saki hotunan. Shekara 175 ana jan maganar wa ke da fuskar Renty.

Myra Greene, baƙar fata ƴar Amurka, da wannan tarihi a ranta ta yi aikinta Character Recognition wajen 2006 da 2007. Kanta ta ɗauka da kolodiyon a kan baƙin gilashi, ƙananan faranta da ba su wuce tafin hannu ba. Ba ta ba mu fuskar gaba ɗaya ba. Leɓe a nan, hanci a can, kunne, ido, haƙora, wato daidai wuraren da mai sayen bawa ke dubawa a kasuwa, da wuraren da masu auna ƙoƙon kai ke sa ma'auni. Duhun da kolodiyon ke ƙara wa fata ba ta ɓoye shi ba, shi ta sa a gaba. Ba daɗin kallo, kuma ba a yi su don daɗi ba. A nan na yarda tsohuwar dabara ta zama dole, don in da salula ta ɗauka, leɓe ne kawai da hanci. Gilashin ne ya jawo 1850 ya zaunar da ita cikin ɗakin.

Ga ma'aunina kenan, in kuna so ku ara. In na ga irin wannan hoto sai in tambayi kaina: in aka cire tsohuwar dabarar, me zai ragu? Wurin Greene da Bradley da Wilson, in ka cire ta aikin ya rushe. Wurin wasu da yawa, in ka cire ta abin da zai ragu mutum ne zaune yana ɓata rai. Tabo da zirin ruwa da ƙura, waɗanda masu hoton ƙarni na 19 ke ɗauka abin kunya har su sake faranti, yanzu an maida su ado, wasu har da gangan suke barinsu. Kuma da yake ba mai iya riƙe murmushi daƙiƙa goma, kowa na fitowa da fuskar zaman makoki, ɗan wasan fim da mai sayar da kofi duk su yi kama da waliyyai. Zurfin nan na aro ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Shi ya sa filta ta salula ke iya kwaikwayonsa cikin daƙiƙa ɗaya.

To mu fa?

Wani zai ce ina ruwanmu, mu da ko takardar fotokofi sai an yi karo-karo. Gaskiya ne kayan aikin na da tsada, azurfa ce, ga eter mai kama wuta, ga zafinmu da ke busar da faranti kafin ka kai shi kamara. Akwai kuma abin da ya fi tsada nisa. Zamanin kolodiyon, daga 1851 zuwa wajen 1880, kusan shi ne zamanin da Tanimun ke sarautar Damagaram. Barth ya ratsa Zinder a ƙarshen 1852, da alƙalami ya rubuta abin da ya gani. Lokacin da kamara ta zauna a ƙasarmu, tare da sojan Faransa, an riga an bar kolodiyon. Ba'amurke in ya ga hoton ƙarfe yana tuna kakan kakansa a yaƙin basasa. Mu ba kakanmu cikin wannan begen.

Tsohuwar dabararmu daban take. Akwatin katako ne mai ƙafa uku a bakin kasuwa ko kusa da ofishin kati, da hannun riga baƙi da mai hoto ke zura hannunsa ciki. Ya cire murfin ido, ya ƙirga, ya rufe, ya wanke takardar cikin akwatin, ya fito da kai fari fat da haƙora baƙi, ya sake ɗaukar wannan takarda kafin ka fito daidai, ya ɗauraye a bokiti. Hoton kakana guda ɗaya da muke da shi, irin wannan ne, an ciro shi daga tsohon kati, da rabin hatimi a kafaɗarsa. Ba don ya so aka ɗauka ba, hukuma ce ta nema. Amma yau in kakata ta fiddo shi, da hannu biyu take riƙewa. Sai kuma baƙi-da-fari na situdiyo, irin na Seydou Keïta da Malick Sidibé a Bamako, da na Philippe Koudjina da ya ɗauki daren Yamai a shekarun 1960 da 1970, ya rasu a 2014. Mu nawa ne cikinmu suka taɓa ganin aikinsa? In akwai tsohuwar zumar da ta kamace mu, tana nan, kuma ba ta buƙatar azurfa daga waje.

Ko ba jima ko ba daɗe, wani zai sauko da tanti da gilashi a Ingal lokacin bikin gishiri, ko a ƙofar fadar Damagaram ranar hawan salla, don irin fuskokinmu da rawunanmu ne wannan dabara ke ƙishirwa. Ban ce a kore shi ba. Wataƙila ma ɗaya daga cikinmu ne zai zama tafintansa. Abin da nake roƙo, in kai ne, ka yi mashi tambaya uku kafin dattijo ya zauna. Ka gaya mashi jan rawaninsa baƙi zai fito? Za ka bar shi ya zauna da salularsa da tabaransa in ya so? In an wanke an shafa ƙaro, wa zai tafi gida da farantin?

Na so in sa maku ko hoto ɗaya cikin wannan ɗan littafi, ƴan uwa suka hana, kuma sun yi gaskiya. Kun san abin da injin fotokofi ke yi wa fuskarmu. Duk wanda ya taɓa haɗa dosiye ya ga katinsa ya fito da dunƙulen baƙi da ɗigo biyu farare a wurin ido, kuma a haka aka karɓa aka buga hatimi. Sunayen na nan sama, ku neme su in kun samu megas. Ku fara da Puaki, ku dubi fuska biyun nan na mutum ɗaya, sa'an nan ku zaro katinku daga aljihu ku dubi naku.